Feshin Asuba

Ganyen ya sake ƙonewa. Fulera ta tsuguna tsakanin kunyoyi ta murza ɗaya, ya farfashe a hannunta kamar busasshiyar kuka.

Wannan 'yar gona ta bayan unguwar Maamobi a Accra, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ita ce cinsu ita ce shansu, ita da mijinta Mahama. Dokar ƙungiyar masu lambu kuwa ba sani ba sabo: duk wanda shukarsa ta lalace sau biyu a jere, sai a ba wani filin. Ta bara ta riga ta lalace.

Bana Mahama ya shuka ƙananan koren wake, irin wanda Indiyawan Accra ke saye. Takinsa ciyawar teku ce. Fulera ke kwaso ta daga bakin ruwan Labadi, ta wanke gishirin sau uku, ta jiƙa a ganga mako biyu, ta tace ruwan a jarka don feshi. Feshi kuwa aikin Mahama ne, kuma ba ya wasa da ƙa'idarsa: sau ɗaya gab da fure, sau ɗaya in wake ya fara 'ya'ya, kuma sai bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa ganye. "Wanda ya yi feshi da rana, wuta ya zuba," in ji shi. Mutumin da a da 'yan layi ke saita agogo da fitarsa ke nan.

To, wa ke zuba musu wutar?

Jarkar taki kullum raguwa take. Ga Zuberu, maƙwabcin gonarsu, wanda kwanan nan idonsa ba ya barin filinsu. "Mma Fulera, tsoho ya gaji fa, ku bar shi ya huta," ya ce mata ran nan, har da wani sunkuyar da kai. Ta ce a ranta, lallai biri ya yi kama da mutum.

Ba ta gaya wa Mahama ba, don ba ta son tayar masa da hankali. Barcin hantsi ya yi masa yawa, jiya ma sau biyu ya nemi kokon safe. Rigarsa ba ta rabuwa da ƙarnin teku, ta ɗora laifin a kan sabulu.

Ran Talata ta rufe tukunyar kokon da take sayarwa da wuri, ta laɓe bayan ayaba da muciya a hannu. Rana ta take tsaka. Ladanin unguwar Nima ya kira azahar, aka idar da salla. Can sai ga takun mutum, sai shiiin famfon feshi.

Ta yi wuf ta fito, muciya a sama.

Mahama ne, yana bin kunya a hankali, ganye bayan ganye, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ya dube ta da murmushin nan da ta sani shekara arba'in. Muciyar ta suɓuce daga hannunta.

"Fulera, kin tashi lafiya? Matsa mini in gama, kafin rana ta fito."