Kujerar da Mai Gari Ya Ƙi

Ana gama naɗa wa ƙanen rawanin mai gari, sai yayan da ya kayar a zaɓe, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, a Gangara, ya matso yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, na tuna wani sarkin Hungari da ya tumɓuke yayansa. Shekara uku kacal, karagar ta ruguje da shi, ya mutu." Ya shafa kujerar mahaifinsu. "Wannan dai da sauran ƙarfinta. Zauna mana."

Mai gari ya dubi ƙafafunta, ya ce a kawo tabarma.

Shekara tara ke nan yana shari'a a ƙasa. Yayan kuwa kullum yana kan kujerar, kuma shi baƙi ke fara durƙusa wa.