Jakar Yaya Ba Ta Biyan Kuɗi

"Jirgin araha sai mai ilimi," in ji Yaya. "Shekara shida ina hawansa, ban taɓa biyan kuɗin jaka ba. Sun san mutum idan sun gan shi."

Muna kan layi a filin jirgin sama, saura minti goma a daina karɓar kaya. Gobe da safe 'yarsa za ta karɓi digiri, kuma babu wani jirgin sai jibi. Matarsa sai danna waya take tana gumi, sabis ya ɗauke tun daga gida.

Da muka isa gaba, ma'aikaciyar da ke karɓar kaya ta duba jakar Yaya a kan sikeli. "Ba a biya wa wannan ba, ranka ya daɗe."

"Duba sunana da kyau, 'yata."

Ta duba kwamfuta. "Na gani. Tafiya goma sha ɗaya, kuma duk an biya da katin..."

Matar Yaya ta yi tari. Ma'aikaciyar ta ɗago, ta ga katin banki yana leƙowa daga ƙarƙashin fasfo. Ta zare shi ba hayaniya, ta ciri kuɗin jakar, ta mayar wa matar da shi tare da rasit.

"Yi haƙuri, kuskurenmu ne. Ku wuce."

Yaya ya juyo gare ni yana gyara hula. "Ka gani ko? Ka riƙa koyo."

Matarsa ta ninke rasit, ta cusa a jakar hannunta, inda sauran sha ɗayan suke.