Baitalami da Gonar Gero

Ina yarinya, wata la'asar mai bisharar ƙauyenmu ya zo wurin babana. Ya ce, "Baba, yarinyar nan ta haddace labarin Baitalami kaf, garin Dauda, inda aka haifi Almasihu. A ba ni ita ta shiga aji ta koyi karatu."

Baba bai ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba. "Wa zai korar min tsuntsaye a gonar gero?"

Geron ya yi kyau a shekarar. Yanzu ina gidan ɗana a Doha, korona ta rufe coci. Sai na jira jikata ta gama da wayarta, sannan in roƙe ta ta karanta min labarin da na sani tun ba a haifi ubanta ba.