Wa Ke Kawo wa Haliru Taba?

Lami ta tsinci guntun sigari a bayan randar mahaifinta, da sauran ɗuminsa.

Ita ce malamar lafiyar da ke zagaya kasuwannin Bagudo tana gargaɗi a kan taba. Ta je Geza, ta je Kaoje, a shekarar da ruwa ya ci shinkafa, ko wadda ta biyo ta. Takan ɗaga kwali mai hoton ruɓaɓɓen huhu ta faɗi abin da ke cikin kowane kara: maganin ɓera, kwalta, gubar batir, har ruwan da ake ɗura wa gawa don kada ta yi wari. Masunta da dama sun daina. Nata uban kuwa, Haliru, shi ma masunci, likita ya ce in bai bari ba, ba zai ga damina biyu ba.

Tun ranar da aka faɗi haka ta zaunar da mahaifiyarta Atika, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta nuna mata hoton.

"Inna, duk kwalin da kika ga wannan a jikinsa, guba ce. Kada ya shigo gidan nan."

Atika ta tofar da yawu, ta tattaro kwalayen ɗakin kaf ta cusa a murhu.

Amma tarin bai lafa ba. Ya fara zuwa da jini.

Haliru ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa, ke nan wani ke kawowa. Lami ta bi masu tebur ɗaya bayan ɗaya, duk suka rantse ba su ke sayar masa ba. Ta tambayi uban, ya juya fuska ga bango. Ta tare Hassan, mai babur da ke kai fasinja tsallaken iyakar Benin.

"Haba Malama, ni ko ashana ban taɓa kai mashi ba," in ji shi. "Gidanku Inna kaɗai nake ɗauka, ita da kwandon bandarta, ranar kasuwa."

Ba ta yarda ba. Ta hana shi zuwa, ta hana abokan uban, masunta, shiga ɗakin. Guntayen ba su daina bayyana ba.

Haliru ya rasu kafin a yanke shinkafa.

Bayan addu'ar bakwai, da mata suka watse, Lami ta zauna kusa da uwar ta fashe da kuka. Ta ce ta ceci mazan wasu, ta kasa nata.

Atika ta jawo ta jikinta tana shafa mata baya.

"Yi haƙuri ɗiyata, kwana ne ya ƙare. Mu dai mun yi namu. Wallahi tun randa kinka gwada mani hoton nan, ban bari ya sha mai guba ko kara guda ba. Har tsallake nake zuwa in nemo mashi wadda ba hoto."