Layin Masu Aron Gona

Sandar farko ta samu Mudassir a kafaɗa, ta biyu ta fasa masa goshi.

Ranar rabon taki ce a harabar ƙungiyar manoma, a wani ƙauye kusa da Bagwai. Damina ta kankama, gero ya fito, kowa na jiran buhunsa. Mudassir, sakataren ƙungiya, ya buɗe manhajar da ke riƙe da sunayen mambobi, yana lalubar haruffa da yatsa ɗaya kamar kullum. Ya kira masu gonar gado, suka karɓa. Da aka zo kan masu aron gona, shafin ya fito fari fat. Mutum arba'in da bakwai, babu ko ɗaya.

Ya koma gefe ya yi waya, ya dawo ya yi musu bayani kamar mai biya hadda. Da can duk tsarin bayanan a fayil ɗaya yake, ya yi tsawo har gyara ya gagara. Sai aka raba shi huɗu: manoma, gonaki, taki, masu aro. Akwai ƙaramin fayil da ke kiran su duka, a nan aka manta rubuta layin da ke kiran masu aro. Manhaja ta ɗauka an soke su, ta share.

"Wa ya manta?" in ji Kallamu, wanda shekara goma sha tara ke nan yana noma gonar aro.

Mudassir ya dube shi, ya dubi sandar da ke hannun Kallamu.

"Ni ne, Baba."

Kallamu ya ce, "Masu gona ne suka sa ka. So suke a kore mu."

Daga nan ba a ƙara sauraron komai ba. Aka kifar da tebur, aka ja shi a ƙasa har bakin rijiya. Wani ya doka masa ƙotar fartanya a haƙarƙari. Kallamu ya taka hannunsa na dama, ya murza, har aka ji ƙarar yatsu. Sau uku ana tambayarsa ko da wani a bayansa, sau uku yana tofar da jini yana cewa shi kaɗai ne. Sai da mai unguwa ya faɗa kansa ya rufe shi da babbar riga, sannan aka samu aka ɗora shi a babur zuwa asibiti.

Kallamu ya shiga gida da la'asar, rigarsa jina-jina. 'Yarsa Ikhlas, wadda ta dawo daga karatun kwamfuta a Kano bara, ta kawo buta ta durƙusa tana zuba masa ruwa.

"Zai tashi, Baba?"

"Allah ne masani. Amma in na ji da hannun wani, abin da zan yi masa sai ya fi wannan."

Ruwan ya kauce wa hannunsa, ya zube a ƙasa. Ya yi mata tsawa, ta gyara riƙo.

Da ya fita masallaci, ta shiga ɗaki ta sa sakata. Saƙon ƙarshe da Mudassir ya aiko yana nan a wayarta: "Kada ki fito. Babanki yana cikinsu."

Ta ɗora kwamfutarta a cinya, ta buɗe ƙaramin fayil ɗin, ta rubuta layin da ta manta ranar Talata, lokacin da ta raba tsarin huɗu.