Rabin Abin Da Take Ci

Ma'aunin nauyi na asibitin ya lalace tun kafin azumi, don haka Likita Yunusu ya koma auna mutane da ido. A ganinsa idon bai taɓa kuskure da fiye da kilo biyu ba.

Shekara uku ke nan da Babban Taron Ƙasa, kuma kowa a Tahoua ya koyi faɗin gaskiya, musamman a kan wani. Yunusu ne kawai ya makara. Bara Alhaji Tanimu, dillalin albasa, wanda ba ya shiga kujerar ofishin sai a kaikaice, ya yi ta zuwa da ciwon kai da haki. Sau huɗu Yunusu yana buɗe baki zai ce masa ƙiba ce, sau huɗu yana ƙarewa da "Alhaji, jiki ya yi kyau." A garin da teɓa take shaidar rufin asiri, faɗa wa dattijo ya rage tuwo bai da maraba da zagi.

Alhaji ya yanke jiki ya faɗi ranar kasuwa. Masu ɗaukar makara sun yi canji sau shida kafin maƙabarta. Yunusu na biye da su, yana yi wa kansa alkawarin ba zai ƙara kashe kowa da ladabi ba.

Bana, ana tsakiyar damina, gero bai fitar da kai ba, aka kawo Habsatu daga wani ƙauye bayan Barmou. Mijinta yana Abidjan wajen nema, ƙanensa Isufu ne ya rako ta. Rabin ma'aikata suna yajin aiki, layi ya kai gindin dogonyaro.

Ta shigo tana dafa bango. Ciki ya yi gaba, kumatu sun cinye idanu, igiyar silifas ta nutse cikin naman ƙafarta. Da ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi, awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Ta ce numfashi ke mata wuya, ƙafafu kuma kamar na aro.

Yunusu ya dubi gadon duba marasa lafiya, ya dubi yadda ta ƙanƙame mayafinta, ya tuna layin da ke waje. Bai ga dalilin kunyata matar mutum a kan abin da makaho ma zai gani ba. Abin da ya rage kawai ƙarfin hali, shi kuwa ya tanade shi tun bara.

"Baiwar Allah, ba zan ɓoye miki ba. Ƙiba ce ke neman ranki. Ki bar mai, ki bar nama, ki bar fura da nono bayan tuwo."

Ta yi ƴar dariya cikin mayafi. Alhaji Tanimu ma haka yake dariya.

"Ba wasa nake ba. Duk abin da kike ci a wuni, ki raba shi biyu. Kin ji ni?"

"Na ji, likita."

Isufu ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Yunusu ya rubuta kalma ɗaya a katinta, ya ce ta dawo bayan wata guda.

Salamatou, babbar nas ɗin da ke riƙe da layi ita kaɗai, ta leƙo bayan sun fita. "Likita, ko gaskiya ce, ba a faɗa wa mace haka a gaban ƙanen mijinta."

Ya ce gara ta ji haushi ta rayu. Amma maganar ta bi shi gida, ta zauna tare da shi a bakin kwanon shinkafa. Ya san muryarsa ta yi sama. Ya san rabin faɗan na Alhaji Tanimu ne, matar ƙauye kawai ya samu ya sauke mata. Sati uku yana gyara kalmomin da zai tarbe ta da su: zai fara da gaisuwa, ya tambayi yara, ya yaba ƙoƙarinta ko da bai ga sauƙi ba.

Ranar da wata ya cika, Isufu ya shigo shi kaɗai, da katin a hannu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa.

"Habsatu ta rasu, likita. Yau kwana tara."

Yunusu ya yi masa gaisuwa. A ransa ya ce ya sake makara, ko kuma ita ma ta ji kunyar maƙwabta ta ci gaba da cika kwano. Ya tambaya a hankali ko ta bi abin da ya faɗa.

"Ai godiya na zo yi maka," in ji Isufu. "Ka rufa mata asiri. Ta bi gida gida tana hwaɗin likitan birni ya ce daɗi ne ya yi mata yawa. Ban taɓa ganin ta da hwarin ciki haka ba. Mu da ba mu yi karatun lakkwal ba, da mun zaci kumburin yunwa ne, don tun da rumbu ya ƙare geron da munka samu yara take dama wa, ita ludayi biyu na anza, ƴaƴan icen dajin nan masu ɗaci, take ci a wuni. Da munka koma sai ta maida shi ɗaya, ta ce kai ka ce."