Kunnen Mai Ganga

Ingunn ba ta waiwayar mai ganga in tana waƙa. Shekara goma sha tara ke nan, tun ranar da su huɗu suka kafa ƙungiyar kiɗan rok a wani gareji a birnin Bergen na ƙasar Norway, suka rantse babu soyayya tsakaninsu.

Da la'asar, kafin gwajin sauti, Torleif mai gangar ya same ta ita kaɗai.

"Likita ya ce kunnen hagu ya tafi. In ban daina kiɗa ba, na dama zai bi shi."

"Da ma can yaushe kake jin magana?" Ba ta ɗago ba.

"Gobe zan bar ƙungiyar, in koma garinmu a arewa. Rantsuwar ta sauka daga kaina, Ingunn. Zo mu tafi."

Ta dubi ƙofa. A bayan ƙofar yayanta ne, jagoran ƙungiyar, da gari arba'in da aka manna hotonta ana jiran wasansu.

"Ni tana kaina. Sake tambayata baɗi."

"Baɗi ba lallai in ji amsar ba."

Yayanta ya ƙwala mata kira. Ta miƙe a hankali, ta bar jitar da take sauya wa tsirkiya, saura ɗaya ba ta ɗaura ba.